Littattafan Koyon Katin Tarot: Tambayoyin da Ake Yi a Kano da Amsoshinsu

Tarot baƙo ne a Kano. TikTok da YouTube da finafinan ƙetare ne suka shigo da shi: wata Baturiya ta shimfiɗa ƙyalle a kan tebur, ta kunna kyandir, tana buɗe katuna masu zane ɗaya bayan ɗaya, tana gaya wa masu kallo wanda zai dawo musu da wanda ke yi musu hassada. Daga nan ɗalibai suka fara sauke littattafan koyo a waya, iyaye suka fara cin karo da su, tambayoyi suka yi yawa. Gara in faɗi matsayina tun yanzu. Littafi mai kyau zai koya maka katin sosai, amma ba zai koya maka gobe ba, kuma babban amfaninsa ga mutumin Kano shi ne ya cire masa kwarjinin abin.

Mene ne tarot ɗin ma tukuna?

Karta ce, sai dai ta fi wadda muka sani yawa. Saiti ɗaya kati 78 ne. Guda 56 daga ciki sun kasu gida huɗu: kofuna, takubba, sanduna da tsabar kuɗi. Kowane gida yana da kati 14, daga 1 zuwa 10, sai sarki, sarauniya, barde da yaron barde. Ragowar 22 su ake kira manyan katuna, kuma su ne masu hotunan da ke ɗaukar ido: Wawa, mai lamba sifili, Masoya mai lamba 6, Ratayayye 12, Mutuwa 13, Shaiɗan 15, Hasumiya 16, har zuwa Duniya mai lamba 21. Mai duba yana gauraya katunan, ya jera wasu a kife, ya buɗe su, ya ƙulla labari daga hotunan.

Gaskiya ne daga Masar ta zamanin Fir'auna ya samo asali?

A'a. Wannan ita ce tsohuwar ƙaryar harkar, kuma da ita ake saurin gane marubucin da bai yi bincike ba.

A arewacin Italiya aka ƙirƙiro tarot, a ƙarni na 15. Rubutu mafi daɗewa da ya ambace shi na shekarar 1440 ne a birnin Florence, sai wani na 1442 a littafin lissafin kuɗin fadar Ferrara. Katunan da suka fi suna cikin waɗanda suka kai zamaninmu na gidajen sarautar Visconti da Sforza ne na Milan, waɗanda aka zana da hannu aka yi musu ado da zinare wajejen 1450. Wato 'yan shekaru kaɗan kafin Muhammadu Rumfa ya hau gadon Kano a 1463. Abin da masu mulki da attajiran Italiya ke yi da su kuwa wasa ne kawai, inda manyan katunan nan ke cinye sauran. Har gobe ana buga wannan wasa a Faransa, inda yake da ƙungiya ta ƙasa tun 1973, da Ostiriya, da birnin Bologna. Dattijon Bafaranshe da ke buga shi da abokansa a ƙarshen mako ba ruwansa da duba.

Masar tana da hannu a labarin, amma ba ta Fir'auna ba. Karta ta shiga Turai a shekarun 1370 daga ƙasashen Musulmi, musamman Masar ta zamanin daular Mamluk. A gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul akwai saitin kartar Mamluk mai gida huɗu: kofuna, tsabar kuɗi, takubba da sandunan wasan folo. Babu hoton mutum a jikinta, sai ado da rubutun Larabci. Turawan lokacin ba su san folo ba, sai suka mayar da sandar folo sanda ta yau da kullum, daga baya 'yan Italiya suka ƙara katunan hotuna.

To yaushe ya koma kayan duba?

Bayan fiye da shekara 300 ana wasa da shi. In ka cire wata 'yar takarda ta Bologna ta wajejen 1750 mai ɗauke da gajerun ma'anoni, labarin ya fara ne a Paris. A 1781 wani malamin coci kuma ɗan ƙungiyar asiri ta Freemason, Antoine Court de Gébelin, ya rubuta cewa ya ga ana wasan a wani gida, nan take ya gane cewa ragowar wani littafin hikima ne na bokayen tsohuwar Masar. Bai kawo hujja ko ɗaya ba. A lokacin ma babu mai iya karanta rubutun tsohuwar Masar a duniya, sai a 1822 wani masani Bafaranshe, Champollion, ya warware shi, kuma da aka karanta ba a samu tarot a ciki ba.

Amma magana ta riga ta yi daɗi. Wani mai sayar da irin shuka, Jean-Baptiste Alliette, wanda ya juya sunansa ya koma Etteilla, ya fitar da littafin duba da tarot a 1785, ya kuma buga saitin da aka tsara musamman don duba a 1789. A shekarun 1850 wani marubuci Bafaranshe, Éliphas Lévi, ya haɗa manyan katuna 22 da haruffan Ibrananci 22. A 1888 aka kafa wata ƙungiyar asiri a Landan mai suna Golden Dawn, ta ɗora taurari da burujai a kai. Daga cikin 'yan ƙungiyar ne Arthur Edward Waite ya sa wata mai zane, Pamela Colman Smith, ta zana sabon saiti, kamfanin Rider ya buga a 1909. Wannan saitin shi ne wanda kake gani a kusan kowane bidiyo, kuma a kansa aka gina yawancin littattafan 'yan koyo.

Duba jerin nan da kyau. Kowace ma'ana da ake jingina wa kati tana da mutumin da ya fara rubuta ta, da shekarar da ya rubuta.

Me ake samu a cikin littafin 'yan koyo?

Kusan duk tsarinsu ɗaya ne. Babi ɗaya na tarihi, wanda wani lokaci gaskiya ne wani lokaci tatsuniya. Sannan shafi ɗaya ko biyu ga kowane kati: hotonsa, bayanin abin da ke cikin hoton, ma'anarsa in ya fito daidai, da ma'anarsa in ya fito kai a ƙasa. Wato ma'ana 156 ke jiran mai koyo. Daga ƙarshe sai hanyoyin jera katin: kati ɗaya na yini, kati uku na jiya da yau da gobe, da kuma jerin kati 10 da Waite ya yayata, wanda ake kira Celtic Cross.

Ɗauki Biyar ta Tsabar Kuɗi a saitin 1909. Mutum biyu ne ke tafe cikin ƙanƙara da dare. Ɗaya gurgu ne a kan sanduna, ƙafarsa a naɗe da tsumma, ɗayar mace ce ta lulluɓe kanta da tsohon mayafi, ba takalmi. Bayansu tagar coci ce mai gilashi kala-kala, haske na fitowa ta ciki, su kuwa suna wucewa abinsu. Littafi zai sa ka lura da duk wannan, ya ce maka katin talauci ne da rashin lafiya da jin an ware ka, ya ƙara da cewa taimako na kusa amma ba a gan shi ba. Littafin da ya fi kyau zai gaya maka cewa a tsofaffin katunan Faransa babu waɗannan mutane sam, tsabar kuɗi biyar ne kawai a jere, kamar yadda biyar take a kartar da muka sani. Pamela Smith ce ta zana mabaratan a 1909.

Abin da littafi ke koyarwa da gaske kenan: karanta hoto, riƙe alamomi, da haɗa hotuna uku ko goma su zama labari ɗaya mai kai da gindi. Gwaninta ce, ana iya koyonta, kuma ba ta buƙatar aljani ko baiwa.

'Yar takardar da ke zuwa a cikin kwalin katin ba ta isa ba?

Kalma uku ko huɗu take ba kowane kati, ba tare da ta ce daga ina suka fito ba. Wanda ya tsaya a kanta hadda kawai zai yi. Yawancin katunan jabu masu araha ma ko takardar ba sa zuwa da ita.

Ga bidiyo kyauta a waya, me ya sa mutum zai wahalar da kansa da littafi?

Saboda mai bidiyo tana da abin da take sayarwa, kuma abin da take sayarwa shi ne ita ta sani kai ba ka sani ba. Ba za ta taɓa tsayawa ta ce maka wannan ma'anar wani mai sayar da iri ne ya ƙago ta a Paris ba. Za ta yi ajiyar zuciya, ta rufe ido, ta ce katin ne ya yi tsalle ya fito da kansa. Sannan kowace rana "saƙon" naka ne kai kaɗai, kai da sauran dubban da ke kallo.

Littafi ba ya iya wannan wasan kwaikwayon. Abin da ya faɗa a shafi na 40 yana nan in ka dawo bayan wata shida, kana iya ajiye shi kusa da wani littafin ka gwada su. Yarinyar da ta karanta littafi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, in ta koma kallon bidiyon, za ta ga cewa abin da matar ke faɗa da rawar murya shi ne abin da ke rubuce a shafi kaza, kalma da kalma. Daga wannan ranar, da wuya a sake karɓar kuɗinta. A ganina wannan shi ne mafi girman amfanin waɗannan littattafai, ko da yake ba don shi aka rubuta su ba.

Na karanta littafi biyu, kowanne da tasa ma'anar. Wanne ne daidai?

Babu wanda za a ce shi ne daidai, don babu wani asali da za a koma a auna su da shi. Shi kansa Waite, a littafinsa The Pictorial Key to the Tarot, ya yarda da haka a fili. Da ya zo kan Biyu ta Sanduna ya ce wasu na fassara ta da dukiya da ɗaukaka, wasu da cuta da baƙin ciki, kuma babu yadda za a yi a daidaita biyun. Katin mabaratan nan ma ya ce wasu masu duba suna ɗaukarsa katin soyayya da masoya.

Ko lambobin ba su tsira ba. A tsohon saitin Marseille na Faransa, Adalci ne na 8, Ƙarfi na 11. Waite ya musanya su don su dace da lissafin burujan ƙungiyarsa. Katin Mutuwa kuwa labarinsa ya fi ban dariya. A wurin Waite ma'anarsa ƙarshe ce da mutuwa da halaka. Buɗe littafin da aka buga kwanan nan, za ka ga an ce kada ka tsorata, sauyi ne kawai da sabon babi a rayuwa. Ba katin ne ya canja ba, masu sayen littafi ne ba sa son a tsorata su.

Malam, ni fa an taɓa buɗa min, kuma wallahi duk abin da ta faɗa haka yake. Yaya za ka ce da wannan?

Ban ƙaryata ki ba, 'yar'uwa. Abin da kika ji, miliyoyin mutane sun ji shi, kuma an daɗe da gano dalilinsa. A 1948 wani malamin nazarin halayyar ɗan'adam a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa gwaji, ya ce zai ba kowa bayanin halinsa na musamman. Ya raba musu takardu, ya ce kowa ya ba da maki daga 0 zuwa 5 a kan yadda bayanin ya dace da shi. Matsakaicin makin ya haura 4. Sai daga baya ya gaya musu cewa takarda iri ɗaya ya ba kowa, kuma daga wani littafin taurari na bakin titi ya tsinto jimlolin.

Maganar mai duba babbar riga ce, kowa ya sa sai ta yi masa. "Akwai wanda kika yarda da shi ya ci amanarki." "Kina da damuwar da ba ki gaya wa kowa ba." "Wata a danginku ba ta son ci gabanki." Wace mace ce a Fagge ko Gwale ko Hotoro za ta ce wannan ba ita ba ce? Ƙari a kan haka, ke ce kike cike gurbin. Ita ta ce "wani namiji", ke kika sa masa suna. In kin gyaɗa kai ta ci gaba a wannan hanyar, in kin yi shiru ta sauya. Bayan mako guda abu biyun da suka dace za ki tuna, takwas ɗin da suka kauce sun bi iska.

Akwai kuma lissafi. In aka jera kati 10 daga cikin 78, damar katin Mutuwa ya fito ta kai kusan ɗaya cikin takwas. Haka ta Hasumiya, haka ta Shaiɗan. Saboda haka fitowar kati mai ban tsoro ba abin mamaki ba ne, rashin fitowarsa na tsawon lokaci ne zai zama abin mamaki.

Mene ne hukuncinsa a addini?

In dai don a san abin da ke ɓoye ko abin da zai faru ne, maganar ba ta da kwana-kwana. Allah Ya ce a Suratun Namli, aya ta 65, babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Shi. A Sahihu Muslim, Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba ta dare arba'in. A wani hadisin da Imamu Ahmad da wasu suka ruwaito, wanda ya je ya kuma gaskata shi ya kafirce wa abin da aka saukar wa Annabi Muhammadu (SAW). Ladan boka ma an hana shi, a hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim.

Abin da ya fi kama da jan kati a cikin Alƙur'ani shi ne kiban ƙuri'a na Larabawan jahiliyya, waɗanda Suratul Ma'ida ta haramta a aya ta 3 da ta 90. Mutum zai yi tafiya ko aure, sai ya zura hannu a jaka ya zaro kibiya: ɗaya an rubuta yi, ɗaya kar ka yi, ɗaya babu komai. Bambancinsa da tarot shi ne kibiya uku ce a can, kati 78 ne a nan. Zuwa wurin mai duba ta waya ko ta bidiyo kai tsaye bai canja komai ba.

Sai kuma hotunan su kansu. A saitin 1909, katin Masoya hoton Annabi Adamu da Hauwa'u ne tsirara, mala'ika a samansu. Kati na 20 mala'ika ne yana busa ƙaho, matattu na tashi daga kaburbura. Musulmi ya san wannan kafin ya kai kwalin gidansa. 'Yan'uwa Kiristoci na Sabon Gari su ma littafinsu ya hana duba, a Maimaitawar Shari'a 18:10-12.

Karanta littafin kawai fa, ba tare da na yi duba ba?

Nan ne ake buƙatar rarrabewa. Akwai littafin tarihin tarot, akwai littafin koyon duba da tarot. Na farko, kamar The Game of Tarot da masanin falsafa na Jami'ar Oxford Michael Dummett ya fitar a 1980, bincike ne na tarihi, kuma shi ne ya fi kowa rusa tatsuniyar Fir'auna. Na biyu an rubuta shi ne don ka ɗauki kati ka fara, kowane babi yana ƙarewa da "yanzu gwada da kanka".

Malamai sun yi magana mai tsauri a kan karanta shafukan taurari ko da don nishaɗi ne, suna ganin ya shiga ƙarƙashin hadisin tambayar ɗan duba. Wasu kuma sun bambanta mai karatu don ya san ɓarnar abu ya yi raddi da mai karatu don sha'awa. Ka kai tambayarka ga malamin da ka yarda da iliminsa, ka gaya masa gaskiyar dalilinka. Ni dai abin da zan ƙara shi ne mutum ya san kansa. Wanda yake cikin damuwa, aure ya ƙi, aiki ya ƙi, jarrabawa ta ƙi, ba shi ne ya kamata ya buɗe littafin koyo "don ilimi kawai" ba.

Wasu littattafan sun ce tarot ba duba ba ne, hanya ce ta nazarin kai. Haka ne?

Wannan ita ce sabuwar rigar da aka sa masa tun daga shekarun 1970 da 1980, musamman a Amurka, a hannun marubuta irin su Rachel Pollack da Mary Greer. Suna cewa katin madubi ne: ka kalli hoto, ka ga abin da ya taso maka a zuciya. Suna yawan jingina da sunan Carl Jung, masanin halayyar ɗan'adam ɗan ƙasar Switzerland, alhali abin da ya faɗa a kan tarot ɗan kaɗan ne ƙwarai.

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don hoto yana sa mutum ya faɗi abin da ya daɗe yana dannewa. Amma juya zuwa ƙarshen yawancin littattafan nan, za ka tarar da jerin katin da gurbinsa na ƙarshe sunansa "sakamako" ko "abin da ke tafe". In nazarin kai ne zalla, me ya kawo gobe a ciki? Mai son ya zauna da zuciyarsa, biro da littafin rubutu sun ishe shi. Mai neman zaɓi tsakanin abu biyu, an koya masa istihara da shawara.

Mene ne bambancinsa da bugun ƙasa da muka sani?

Kayan aiki ne suka bambanta. Mai bugun ƙasa yana baza rairayi a faifai ko a ƙasa, ya yi ɗigo-ɗigo a layi ba tare da ƙirgawa ba, sannan ya share biyu-biyu ya ga ko ɗaya ya rage ko biyu. Daga nan yake fitar da siffofi, waɗanda gaba ɗayansu 16 ne, kowacce da sunanta da gidanta. Shi ma yana da littattafan koyonsa na Larabci, wanda ya fi suna shi ne na Zanati. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki masu da'awar sanin gaibu ta hanyar rairayi da taurari tun fiye da shekara 200 da suka wuce.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne ɗalibar jami'a da za ta yi wa kakarta dariya don ta je wurin mai bugun ƙasa, ita kuma ta tura kuɗi a buɗa mata kati saboda mai buɗawar tana Turanci kuma hotunan suna da kyau. Kakar ma ta fi ta, don aƙalla ta san sunan abin da take yi.

Wa zai amfana da waɗannan littattafai ba tare da ya zama ɗan duba ba?

Mai zane, da farko. Aikin Pamela Smith darasi ne a kan yadda ake ba da labari da hoto ɗaya tak, kuma ta gama katuna 78 cikin 'yan watanni. Ita ta yi aikin, amma shekara da shekaru sunan Rider da Waite kaɗai ke kan kwalin, ta mutu a 1951 da bashi a kanta. Sai ɗalibin adabin Turanci, wanda zai haɗu da katunan a waƙar T. S. Eliot ta 1922, The Waste Land. Sai mai fassarar fim, da ɗan jarida, da malamin makaranta ko mai wa'azi da yake son ya yi wa matasa magana a kan abin da ya sani, ba abin da ya ji an ce ba. Matasan yanzu suna saurin gane wanda bai san abin da yake suka ba, kuma daga nan sun daina saurare.

Yaya zan bambance littafi mai nagarta da na shirme?

Fara da babin tarihi. In ya ce Italiya, ƙarni na 15, wasan karta, to marubucin ya yi karatu. In ya ce Fir'auna ko asirin da ya ɓace shekara dubbai, ajiye shi. Duba ko ya faɗi saitin da yake bayani a kai, don ma'anonin saitin Waite da na Marseille da na Aleister Crowley, wani tsohon ɗan ƙungiyar Golden Dawn, ba ɗaya ba ne. Duba ko yana faɗin inda ma'ana ta fito da inda marubuta suka saɓa. Littafin da ya ce kati zai gaya maka cutar da ke jikinka, ko ranar aurenka, ko inda za ka zuba jari, wannan ba shirme kaɗai ba ne, haɗari ne. Sannan a yi hattara da tarin ƙananan littattafan da suka cika shagunan intanet yanzu, marasa sanannen marubuci, waɗanda kwafe-kwafe ne ko na'ura ce ta rubuta su.

Ana samun su a Kano?

Ba kayan Kurmi ba ne, can littattafan addini da na Larabci za ka tarar. Yawancin masu karanta su a nan a waya suke samu, kuma kusan duk da Turanci suke. Littafin Waite yana intanet kyauta, tunda ya mutu tun 1942, haƙƙin mallakar littafin ya ƙare. Mai tunanin ya mayar da abin sana'a kuwa ya tuna inda yake zaune: Kano na aiki da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, ga kuma Hukumar Hisbah.

Hajiya ce ke tambaya: na ga katin da littafinsa a jakar 'yata. Me zan yi?

Hajiya, kada a fara da duka ko tara mata dangi. Katin takarda ce da aka buga a masana'anta, ba aljani a ciki, kuma ganin sa a jaka ba ya nufin yarinya ta bar addini. Ki zaunar da ita ki tambaye ta inda ta samu da abin da take nema a ciki. Sau da yawa amsar ba ta wuce ƙawa ce ta ba ta, ko hotunan ne suka burge ta. Wani lokaci kuma akwai abin da ke cin ta, saurayi ko makaranta ko tsoron abin da zai faru, kuma ba ta samu wanda za ta gaya wa ba. In haka ne, ƙona katin ba zai kashe damuwar ba. Ki gaya mata hukuncin da hujjarsa, ki gaya mata tarihin abin, ki bar ta ta rabu da shi da hannunta.

Na riga na tura wa wata kuɗi ta buɗa min. Yanzu ta ce an yi min asiri, sai na ƙara kuɗi ta karya. In tura?

Kada ki tura ko sisi. Wannan tsohuwar hanyar damfara ce: buɗawar farko da araha, sai a gano "baƙin abu" a tare da ke, sai kuɗin kyandir, sai kuɗin wanka, kullum da abin da ya rage. Ko littattafan tarot ɗin kansu, masu mutunci daga cikinsu, suna gargaɗi a kan masu wannan. Ki adana hotunan hirarku da shaidar tura kuɗin, ki toshe lambarta, ki kai ƙorafi bankinki. In ta yi barazanar fallasa sirrin da kika gaya mata, ki sanar da wani babba a gidanku tun kafin ta riga ki, sannan a kai maganar ga 'yan sanda. Game da zuwan da kika yi kuwa, ki tuba, ki ci gaba da sallarki a kan lokaci, don malamai sun yi bayanin cewa ladan ne ake rasawa a kwanakin, wajabcin sallar bai faɗi ba.